Sabo Ake Yi Wa Kuka: Abin da Kimiyya Ta Gano Game da Baƙin Cikin Rashin Doki

Gabatarwa

A gidan da ake kiwon doki, aikin safe yana da tsari wanda ba ya sauyawa. Da an idar da sallar Asuba ɗan barga zai nufi turke, tun kafin ya ƙaraso dokin ya ji takunsa ya tarye shi da 'yar haniniya ƙasa-ƙasa. Zai share kashi, ya sauya ruwa, ya zuba harawa, ya kawo dusa da jiƙon kanwa, sa'an nan ya goge jikin dokin tun daga wuya har gindin wutsiya. Da la'asar a ɗaura sirdi a fita kilisa. Haka za a yi yau, haka gobe, har shekara goma ko goma sha biyar. To, ran nan sai ciwon ciki ya turnuƙe dokin da tsakar dare, kafin gari ya waye rai ya yi halinsa. An haƙa rami an binne shi, maƙwabta sun ce Allah ya mayar da alheri, kowa ya kama gabansa. Amma washegari da asuba ƙafar ɗan bargan za ta kai shi bakin turke kafin ya tuna babu kowa a wurin.

Mutum irin wannan yakan yi kwanaki abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace wa idonsa, ya riƙa jin kamar haniniya cikin dare. Abin da ya fi damunsa shi ne ba shi da wanda zai gaya wa, domin ya san amsar da zai samu: "Haba, a kan dabba?" Alhali kuwa tun da daɗewa Hausawa suka ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. Wannan maƙala za ta duba abin da masana halittu da likitoci suka gano game da wannan sabo, da dalilin da ya sa yankewarsa ke taɓa jiki da zuciya, da kuma hanyoyin da mai doki ko mai kula da shi zai bi ya samu sauƙi.

Matsayin doki a ƙasar Hausa

Wani babban bincike a kan ƙwayoyin gado na tsofaffin ƙasusuwan dawaki, wanda mujallar Nature ta buga a 2021, ya nuna cewa dawakin gida na yau sun samo asali ne daga filayen da ke tsakanin kogin Volga da kogin Don a kudancin Rasha, kimanin shekaru 4,200 da suka wuce. Daga can suka bazu a duniya, har suka ƙetaro Sahara. A ƙasar Hausa doki ya zama ƙashin bayan yaƙi da sarauta. Littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa dawakin zage cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara kawowa. Sarautu irin su Madawaki da Shamaki da Sarkin Dawaki, da sunayen garuruwa irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, duk shaida ne a kan wannan matsayi. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

Ban da wannan daraja, doki ya bambanta da sauran dabbobin gida ta fuska biyu. Ta farko, ba don yanka ake kiwonsa ba. Mai kiwon ragon layya ya san tun ranar farko inda tafiyar za ta ƙare, amma mai doki ba ya sa ranar rabuwa. Ta biyu, doki yana da tsawon rai: idan ya samu kulawa yakan kai shekara 25 zuwa 30. Ke nan yaron da aka fara ɗorawa a kan duƙushi yana iya yin aure har ya haihu dokin yana nan a turkensa. Ana kiransa da sunan launinsa, Kili ko Akawal ko Danda, an san abin da ke firgita shi da wanda yake yarda ya taɓa masa kunne. Zama irin wannan ba ya yankewa salin-alin.

Yadda sabon ke ƙulluwa

A daji doki dabbar garke ce, kuma abin farauta ce ga manyan namun daji. Tsirarsa ta dogara ne a kan iya karanta motsin 'yan'uwansa da sanin wanda zai amince da shi. Wannan baiwa ce yake juyowa da ita wajen ɗan Adam.

A 1993 wasu masana a Faransa, waɗanda suka yi nazarin dawakin yankin Camargue, sun lura cewa dawaki masu shiri da juna sukan sosa wa juna gindin wuya da haƙora. Da masanan suka kwaikwayi wannan susa da hannu a daidai wurin, sai bugun zuciyar dokin ya ragu. Wato abin da ɗan barga yake yi kullum da safe yana kwantar wa dokin hankali a zahiri, har ana iya auna shi.

A 2016 masana a Jami'ar Sussex da ke Ingila sun nuna wa dawaki 28 hotunan fuskokin mutane, wasu suna murmushi wasu sun murtuke. Idan dokin ya ga fuskar fushi yakan juyo ya dube ta da idon hagu, bugun zuciyarsa kuma ya ƙaru da sauri. A 2018 masanan wannan jami'a suka ƙara gano cewa idan doki ya ga hoton mutum cikin fushi, to bayan sa'o'i da dama in mutumin ya zo da kansa, ko da fuskarsa ba ta nuna komai ba, dokin yakan yi ɗari-ɗari da shi. A 2020 kuma binciken Léa Lansade da abokan aikinta a Faransa ya nuna cewa dawaki na iya zaɓo hoton mai kula da su daga cikin hotunan baƙi, har da wanda suka yi wata shida ba su gani ba.

Saboda haka idan mai doki ya ce dokinsa ya san shi, ba ruɗin kai yake yi ba. Sanayya ce ta ɓangare biyu. Ta ɓangaren mutum kuwa, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila John Bowlby ya bayyana tun a 1969 cewa shaƙuwa tsari ce da aka halicci ɗan Adam da ita domin ya zauna kusa da wanda yake samun natsuwa a wurinsa. Idan aka raba su, abu na farko da tsarin ke haifarwa shi ne cigiya da nema, daga baya kuma sanyin jiki. Wannan tsari ba ya tambayar ko abin da aka shaƙu da shi yana da ƙafa biyu ko huɗu.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa da jiki

Babban aikin ƙwaƙwalwa shi ne hasashen abin da zai faru, bisa abin da ya saba faruwa. Mutumin da ya yi shekara goma yana zuwa turke sau biyu a rana ya je wurin fiye da sau dubu bakwai, kuma kowane zuwa ya tarar da dokin. Ilmin da aka tara ta haka ba ya gogewa a dare ɗaya. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai tunani ya san an binne dokin, amma ɓangaren da ke tafiyar da al'ada yana nan yana jiransa. Wannan saɓani ne ke sa a ji kamar haniniya, ko a tashi da nufin zuba harawa. Mary-Frances O'Connor ta Jami'ar Arizona a Amurka, wadda ta daɗe tana wannan nazari, ta bayyana jimamin rashi a matsayin wani nau'i na koyo: dole ƙwaƙwalwa ta sake koyon duniya ba tare da wanda aka rasa ba, koyo kuwa sai da lokaci da maimaici. A wani bincike da ta jagoranta a 2008, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar matan da suka rasa uwa ko 'yar'uwa. Waɗanda jimaminsu ya ƙi lafawa, idan aka tuna musu da mamaciyar, sai a ga motsi a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da marmari da begen abin da ake so. An ce sabo turken wawa, amma ta fuskar ƙwaƙwalwa kowa yana ɗaure a wannan turke.

Jiki ma ba a bar shi a baya ba. Tashin hankali yana sa wasu ƙananan gaɓɓai biyu da ke saman ƙoda su zuba sinadaran adarnalin da kotisol cikin jini. Amfaninsu shi ne shirya jiki ya fuskanci haɗari na ɗan lokaci. Idan suka daɗe da yawa a jini sai barci ya lalace, sha'awar abinci ta ragu, jini ya hau, mutum ya riƙa mantuwa da saurin fushi. Waɗannan alamomi ne da aka saba gani a makonnin farko, kuma yawanci suna raguwa da kansu.

A wasu lokuta ƙalilan abin yakan taɓa zuciya kai tsaye. A 1990 likitoci a Japan sun bayyana wani ciwo da suka kira takotsubo, inda firgita ko baƙin ciki mai tsanani ke raunana tsokar zuciya na ɗan lokaci, har ta ɗauki siffar wata tukunya da masuntan ƙasar ke amfani da ita. Alamominsa sun yi kama da na bugun zuciya mai kisa: ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Ya fi kama mata masu shekaru, kuma akasari ana warkewa cikin makonni. A 2017 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta kawo labarin wata mata mai shekara 61 a jihar Texas wadda wannan ciwo ya kama bayan mutuwar karenta. Darasin a nan shi ne jiki yana amsa wa girman shaƙuwar ne, ko da kuwa jama'a ba su ɗauki abin da aka rasa da muhimmanci ba.

Rashin da ba a yi wa zaman makoki

Idan mutum ya rasu, al'umma tana da tsarin da ke tallafar iyalinsa. Akwai jana'iza, akwai zaman makoki, akwai masu zuwa ta'aziyya daga nesa da kusa, ana kawo abinci, ana ambaton alherin mamaci. Duk wannan yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta karɓi gaskiyar abin da ya faru. Idan doki ne ya mutu, abin da ake yi shi ne jaje, jajen ma na asarar dukiya: nawa aka saye shi, yaushe za a sayi wani. A 1989 masani Kenneth Doka na Amurka ya ja hankalin likitoci a kan irin wannan jimami wanda jama'a ba su ba shi gurbi ba, ya nuna cewa mai shi yakan haɗiye shi ne cikin kunya, haɗiyewar kuma ta ƙara masa nauyi.

A nan ya kamata a tuna da wanda aka fi mantawa da shi. Sau da yawa mai dokin basarake ne ko attajiri wanda ke hawa ranar salla ko ranar wasan folo, shi kuwa ɗan barga shi ne ke kwana da dokin ya tashi da shi. Idan dokin ya mutu, maigida ake yi wa jaje. Ɗan barga kuwa ban da rashin abokin zamansa, yana fuskantar zargin sakaci, wani lokaci har da rasa abin da yake ci da iyalinsa. Haka nan yaran gida, waɗanda wataƙila wannan ce mutuwar farko da suka gani da idonsu, akan kore su daga wurin ba tare da an yi musu bayani ba.

Jin zafin rashin dabba ba baƙon abu ba ne a tarihi ko a addini. Lokacin da dokin Iskandar sarkin Makedoniya, mai suna Bucephalus, ya mutu a shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarkin ya kafa gari a gaɓar kogin Jhelum, a ƙasar Pakistan ta yau, ya sa masa sunan dokin. Ya kuma tabbata a hadisin Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da ƙanin Anas, wani yaro da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yana cikin damuwa saboda ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu. Bai tsawata masa ba, bai kuma raina damuwarsa ba, sai ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi. Idan an yi haka a kan ɗan tsuntsu, ina ga dabbar da aka yi shekara da shekaru tare?

Da-na-sani da abin da ke kashe dawaki

Abin da ya fi cin ran masu dawaki bayan rashi shi ne zargin kai: da na duba shi da daddare, da na kira likita da wuri, da ban ba shi hatsin nan ba. An ce da-na-sani ƙeya ce. Maganinta mafi inganci shi ne sanin yadda jikin doki yake, domin duk da ƙarfinsa, doki dabba ce mai saurin mutuwa.

Ciwon ciki yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe dawaki a duniya. Tumbin doki ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da lita 8 zuwa 15, kuma ƙofarsa ta sama tana da ƙarfin da ba ta barin abinci ya dawo, saboda haka doki ba ya amai. Ƙaramin hanjinsa ya kai kimanin mita 20, babban hanjin kuma yana da lanƙwasa da wurare masu ƙunci. An halicci wannan ciki ne domin dabbar da ke tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i 14 zuwa 16 a rana. Yawan hatsi a lokaci ɗaya, ko sauya abinci farat ɗaya, ko ƙarancin ruwa, ko tsutsar ciki, ko haɗiye yashi da leda, duk suna iya toshe hanji ko kumbura shi. Alamomin su ne dokin ya riƙa tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, yana gumi, kashi ya tsaya. Yawanci magani yana warkarwa. Amma idan hanji ya murɗe, jini yakan daina isa gare shi, kuma in ba a yi tiyata cikin 'yan sa'o'i ba babu abin da zai cece shi. Murɗewar hanji tana samun dawakin da suka fi kowane samun kulawa.

Akwai kuma cutar dawaki ta Afirka, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa. Ba ta yaɗuwa daga doki zuwa doki kai tsaye. Wasu ƙananan ƙwari masu cizo ne, waɗanda ba su kai sauro girma ba, ke ɗaukarta tsakanin magariba da wayewar gari, musamman da damina da bayanta. Tana kawo zazzaɓi da kumburin kai, huhu ya cika da ruwa, kumfa ta riƙa fita ta hanci, kuma a nau'inta mai tsanani tana iya kashe dawaki tara cikin goma. Jaki da jakin dawa sukan ɗauke ta ba tare da ta yi musu illa sosai ba. Ta ɓarke a Sifen a 1987 bayan an shigo da jakunan dawa daga Namibiya, ta kuma kashe ɗaruruwan dawaki a Tailan a 2020. Ba ta da magani, sai allurar rigakafi da kare barga daga ƙwari. Haka nan cutar sandarewar jiki, wadda likitoci ke kira tetanas, tana shiga ta rauni ƙarami kamar sukar ƙusa a kofato, doki kuwa yana cikin dabbobin da ta fi yi wa saurin illa. Ita ma tana da rigakafi. A yankunan da ke da ƙudan tsando kuma, sammore yana rame doki har ya kashe shi.

Karayar ƙafa tana da nata baƙin cikin, domin sau da yawa mai dokin ne zai yanke shawarar a hutar da shi. Doki ba ya iya daɗewa a kwance, kuma idan ya jingina nauyinsa a kan ƙafa uku, naman cikin kofaton lafiyayyar ƙafar yakan kumbura ya lalace. Misalin da duniya ta sani shi ne Barbaro, dokin da ya ci babbar sukuwar Kentucky a Amurka a watan Mayu na 2006, ya karya ƙafar baya ta dama makonni biyu bayan haka. Ƙwararrun likitocin Jami'ar Pennsylvania sun yi wata takwas suna jinyarsa da duk kayan aikin da kuɗi ke iya saye, amma a watan Janairu na 2007 ciwon kofato ya tilasta aka hutar da shi. Wanda ya yanke irin wannan shawara bisa nasihar likita, tausayi ya yi wa dabbarsa.

Don haka yana da amfani a nemi likitan dabbobi ya binciki gawar kafin a binne. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Sanin musabbabi yana kare sauran dawaki, yana wanke wanda ake zargi ba da hakki ba, in kuma akwai kuskure sai ya zama darasi mai iyaka maimakon zato marar iyaka. Sai dai a kiyaye: idan dabba ta faɗi matacciya farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko dubura, kada kowa ya farka ta, domin yana iya zama ciwon saifa, wanda ke kama mutane. A binne gawa da zurfi, nesa da rijiya da magudanar ruwa. In da allura aka hutar da dokin, naman guba ne ga karnuka da ungulaye.

Hanyoyin samun sauƙi

Mutane da yawa sun ji cewa jimami yana da matakai biyar da ake bi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ra'ayi ya fito ne daga littafin Elisabeth Kübler-Ross na 1969, ita kuwa marasa lafiya masu jiran ajali ta yi nazari a kansu, kuma binciken da ya biyo baya bai nuna cewa kowa yana bin matakan a jere ba. Bayanin da ya fi dacewa da abin da ake gani shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a Holan, wanda suka gabatar a 1999. A ganinsu mai jimami yana kai-kawo ne tsakanin hali biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin, ya tuna, ya yi hawaye, wani lokaci ya juya ga harkokin rayuwa, ya yi aiki, har ya yi dariya. Lafiya tana cikin wannan kai-kawo. Wanda ya yi dariya kwana uku bayan rashi bai ci amana ba, wanda kuma hawaye ya zo masa bayan wata biyu da jin tambarin hawan salla bai koma baya ba.

Bisa ga haka, abu na farko shi ne mutum ya yarda a ransa cewa rashi ya yi, ya yi istirja'i kamar yadda ake yi a kan kowace musiba, ƙarama ko babba. Haƙuri bai hana zubar hawaye ba. Na biyu, ya nemi wanda ya san doki ya yi hira da shi. Tsofaffin mahaya da 'yan barga da likitocin dabbobi kusan duk sun taɓa ɗanɗana irin wannan, ba za su yi masa dariya ba. Na uku, ya lura da lokutan da suka zama fanko, wato bayan Asuba da bayan La'asar, domin a nan ne kewar ta fi tsanani. Ya cike su da wani aiki mai motsa jiki, kamar tafiya da ƙafa ko taimaka wa maƙwabci a bargarsa. Na huɗu, ya kula da barci da abinci, ya guji neman mafaka a ƙwayoyin sa barci ko kayan maye.

Game da kayan doki, sirdi da linzami da likkafa da ragama, babu wata ƙa'ida. Wani yana samun sanyi idan ya adana su, wani kuma idan ya bayar da su ga mai buƙata. Abin da ya fi shi ne kada a yi gaggawa, kuma kada wani ya kwashe su a ɓoye da nufin taimako. Haka ma sayen sabon doki. In an kawo shi tun zuciya ba ta shirya ba, kullum za a riƙa gwada shi da na da, ba zai taɓa cin jarrabawar ba. Sai dai idan cuta mai yaɗuwa ce ta yi kisan, dole a bi shawarar likita kafin a ɗaure wata dabba a wurin.

Maigida yana da nauyi a kansa. Ya kira ɗan bargansa ya yi masa jaje, ya gode masa a kan shekarun da ya yi yana hidima, ya bayyana masa makomar aikinsa. Yara kuma a gaya musu gaskiya da kalmomi masu sauƙi, cewa dokin ya mutu, ba zai dawo ba, kuma ba laifinsu ba ne. Cewa an kai shi ƙauye yana jinkirta ciwon ne kawai, ya kuma ƙara masa rashin yarda idan gaskiya ta fito.

Sauran dabbobin barga ma suna buƙatar lura. Dokin da ya rasa abokin turkensa yakan yi ta haniniya, ya rage cin abinci, ya kasa natsuwa. Likitoci sukan ba da shawarar a bar shi ya ga gawar ya sansana ta na ɗan lokaci, muddin ba cuta mai yaɗuwa ba ce. A jakuna abin ya fi haɗari, domin jakin da ya ƙi abinci saboda rashin abokinsa kitse yakan taru masa a jini har ya kashe shi. Kula da waɗanda suka rage yana cikin abubuwan da ke mayar wa mai jimami da ma'anar safiyarsa.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Ga yawancin mutane zafin yana raguwa cikin makonni ko 'yan watanni. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda ya fara aiki a 2022, an sanya jimami mai tsawo a matsayin lalura, wato idan bege mai tsanani ya wuce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. An tsara wannan ma'auni ne domin rashin ɗan Adam, amma alamominsa jagora ne mai amfani a nan ma. Idan watanni sun shuɗe mutum ya kasa aiki, ya ƙaurace wa jama'a, yana ramewa, to ya ga likita. Idan yana jin rayuwa ba ta da amfani ko yana tunanin cutar da kansa, kada a jira ko kwana ɗaya. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi kuwa asibiti ake kai su nan take. A kuma lura da tsofaffi da waɗanda suka yi wani rashin ba da daɗewa ba, domin mutuwar dokin da uba ya bari takan tayar da mikin mutuwar uban.

Kammalawa

Binciken masana ya tabbatar da abin da karin maganar Hausa ta riga ta faɗa. Doki yana gane fuskar mai kula da shi, yana samun natsuwa a hannunsa, ƙwaƙwalwar mutum kuma tana gina rayuwar yau da gobe a kan wannan zama. Idan mutuwa ta raba su, jiki da zuciya suna buƙatar lokaci kafin su saba da sabon hali. Abin da ake nema daga jama'a ba shi da yawa: idan aka ji dokin wani ya mutu, a je a yi masa jaje, a tambayi halin dokin kafin a tambayi kuɗinsa, sa'an nan a leƙa barga a gai da wanda ya yi shekaru yana zuba masa harawa.